Shok ɗaya ko shok biyu? Neman shawara kan keken tseren dogon zango

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina. Ina Jos, keken da nake hawa yanzu tsohon ɗan Beljiyam ne mai taya inci 26. Yana kai ni yana dawo da ni, amma da na wuce awa uku a hanyar duwatsu sai ƙuguna ya riƙe, tafin hannuna ya mutu. Burina in fara tseren dogon zango, irin na kilomita 80 zuwa 100 a yini guda, in Allah Ya hore wata rana in leƙa na ƙasashen waje. Na ga kekuna biyu wurin wani mai kawo na hannu. Ɗaya na kabon ne, shok ɗinsa a gaba kawai, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ɗayan na alminiyam ne, shok gaba da baya, ya fi wancan nauyi da kusan kilo biyu. Duka tayarsu 29, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka? Gudu nake so, amma ba na son in isa a sauke ni ranga-ranga.

Harsashi: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Ɗauki na kabon ka wuce wurin. Kilo biyu fa ka ce! A hawan duwatsun Shere na Jos za ka san kilo biyu ba wasa ba ne. Shok ɗin baya kuma cinye ƙarfin ƙafa yake yi, kana taka feda keke yana ta lilo da kai.

Malamin Lissafi: Harsashi, tsaya mu auna kilo biyun nan. A ce Ɗan Tudu kilo 72 ne, keke kilo 11, ruwa da kayan gyara kilo 2. Jimla 85 ke nan. Abin da ƙafarsa ke turawa sama duka 85 ɗin ne, ba keken kaɗai ba. Kilo ɗaya a cikin 85 bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba, wato a hawa mai tsauri na awa guda cur, abin da zai rasa bai wuce daƙiƙa 40 da 'yan kai ba. Kilo biyu, minti ɗaya da rabi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa bambancin ya kusa ɓacewa. To, mutumin da ƙugunsa ya riƙe har ya tsaya gindin bishiya yana miƙa, minti nawa yake zubarwa?

Harsashi: Malam, lissafin allo daban, hawan dutse daban.

Malamin Lissafi: Dutsen ma da lissafin yake aiki, ƙanena. Bai san sunan kamfanin da ke jikin keke ba.

Ɗan Ci-rani: Bari in sa baki, tunda ina zaune a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, inda ake yin tseren keken dutse na Cape Epic a yankinmu, yawanci a watan Maris. Tun 2004 ake yin ta. Kwana takwas ne, mutum biyu-biyu, kuma doka ce kada tazarar da ke tsakaninka da abokinka ta wuce minti biyu. Tsawonta yakan kai kilomita 600 zuwa 700, hawan da ake yi in an tara shi ya kai wajen mita 15,000. Ku je ku kalli hotunan waɗanda ke sahun gaba, kusan dukkansu mai shok biyu suke hawa. Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya ci zinare a Olamfik ta Riyo a 2016, ya ci Cape Epic a 2017 da 2019, kuma keken Scott Spark ya hau, mai shok gaba da baya. Waɗannan mutanen har giram ɗin kusa suke aunawa. Da shok ɗin baya asara ne, da tuni sun jefar da shi.

Zancen lilo kuma, Harsashi, kekunan da kake nufi na shekara ashirin baya ne. Na yanzu akwai ɗan makunni a kan keken, da babban yatsa kake danna shi shok ya kulle in ka hau kwalta ko hawa mai santsi, ka sake shi in ka shiga duwatsu. Kuma a hawa mai tsakuwa shok ɗin ma taimako yake, domin yana manne tayar baya da ƙasa. Mai shok ɗaya tayarsa tsalle take, ka taka ta zame, ka sake takawa.

Harsashi: To ai akwai tseren Leadville a Amurka. Mil 100, a kan tsaunukan Kolorado, ana tashi daga sama da mita 3,000. Can ba ka ganin masu shok ɗaya a gaba? Keegan Swenson ya gama ta cikin ƙasa da awa 6 a 2023.

Ɗan Ci-rani: Gaskiya ne, a Leadville ana ganinsu da yawa, har an taɓa samun masu sa wa keken dutse lanƙwasasshen kan keken titi. Amma ka san dalili? Yawancin hanyar Leadville faffaɗar hanyar burji ce da tsoffin hanyoyin masu haƙar ma'adinai, ba ta cika siraran hanyoyi masu duwatsu ba. Abin da ke kashe mutum can ƙarancin iska ne da doguwar hawa. Hanya ce ke zaɓar keke. Shi ya sa tambayar da ya kamata mu yi wa Ɗan Tudu ita ce, wace irin ƙasa zai taka?

Ɗan Tudu: Gauraye ne, Yallaɓai. Akwai burji mai gargada, akwai hanyar ƙafa ta cikin gonaki, akwai kuma falalen dutse da tsakuwa wajen Shere. In na ƙiyasta, rabi burji, rabi duwatsu.

Makanike: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ga wanda ya yi maganar ranar da keken zai lalace ba. Ni a Kano nake gyaran kekuna, kuma irin waɗannan suna zuwa hannuna. Alhaji na Kef Tawun, maganarka gaskiya ce a inda kake. Kai in shok ɗinka ya fara zubar da mai, ka tura shi shago, jibi ka karɓa. Su Schurter kuwa kowane dare akwai mai kwance musu keke ya wanke ya mayar. Ɗan Tudu wa zai kai wa?

Bari in faɗa muku abin da ke cikin mai shok biyu. Bayan keken a kan mahaɗai yake juyawa, kowace mahaɗa da boris a ciki, wani keken shida, wani takwas. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi, sai giris ya zama laka. RockShox, kamfanin da ke ƙera shok, da kansu sun ce a yi wa shok ƙaramin sabis duk bayan awa 50 na hawa. Mai shirin tsere da ke yin awa takwas ko goma a mako, cikin wata ɗaya da rabi ya cinye awa 50. Robobin da ake canzawa a ciki ba a samunsu a kasuwa haka kawai, sai an yi oda, a jira, a biya da dala. Na ga kekuna masu tsada an jingine su a bango wata da watanni saboda zoben roba ɗaya da bai kai girman zoben yatsa ba. Kuma keken da aka kawo na hannu, ba ka san yaushe rabonsa da sabis ba.

Ɗan Ci-rani: Oga, ban musa ba. Amma shok ɗin gaba ma ai sabis yake so, kuma duka kekunan biyu suna da shi. In zai yi odar robobin gaba, sai ya haɗa da na baya a kwali ɗaya.

Makanike: Haka ne, amma wahala ɗaya ta fi biyu sauƙi. Sai dai kada Harsashi ya yi murna, domin na kabon ɗin ma ban ce a saya ido rufe ba. Alminiyam in ya bugu yakan lotsa, ka gani da idonka. Kabon yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe. Ɗan Tudu, in ka koma wurin mai keken ka tafi da tocila. Ka sa a wanke shi tas. Ka haska wuyan keken, inda kan ke shiga, ka haska ƙasa inda feda ke juyawa, da inda sandar sirdi ke shiga, da ƙafafun baya kusa da sarƙa. Duk inda ka ga siririn layi a fenti, ka ƙwanƙwasa wurin da kwabo a hankali, ka ƙwanƙwasa gefensa. Lafiyayyen wuri ƙara yake bayarwa a sarari, wurin da ya tsage sai ka ji ƙarar ta dushe. In ka ga sitika a wurin da bai kamata sitika ta zauna ba, ka ce a ɓare ta.

Na shok biyun kuma, ka tsaya gefensa ka kama sirdi ka ɗan ɗaga sama a hankali. In ka ji ƙwas kafin taya ta bar ƙasa, boris ko bushin ya ci. Ka kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama. Sannan ka duba sandunan shok masu sheƙi, in akwai ƙarzuwa da farce ke kamawa, to wannan shok ɗin zai yi ta zubar da mai komai robar da ka sa. Ka kifa keken ka ɗauki hoton lambar da ke ƙasansa. Wanda aka kankare lambarsa ka bar musu kayansu.

Uwar Tafiya: Ni abin da ya tsaya mini, Ɗan Tudu ya ce ƙugu da tafin hannu ke damunsa, amma kowa ya tafi kan shok. Ɗan'uwa, tsawonka nawa, kuma kekunan nan wace lamba ce a jikinsu?

Ɗan Tudu: Santimita 174 nake, Anti. Na kabon ɗin L ne, wato babba, na alminiyam M, matsakaici. Mai kayan ya ce ba matsala, a sauke sirdi kawai.

Uwar Tafiya: To ka ji inda gizo ke saƙar. Mai kaya kam zai ce ba matsala. Mai tsawon 174 a yawancin kamfanoni M ne. Sauke sirdi ba ya rage tsawon keke daga sirdi zuwa kai. In keke ya yi maka tsawo, miƙewa za ka yi kana kamo kan, nauyinka ya koma kan tafin hannu, jijiyar da ke bi ta gefen ƙaramin yatsa ta danne, yatsu biyu na ƙarshe su mutu. Ƙugu kuma ya yi ta ja. A awa ta farko ba za ka ji komai ba, shi ya sa zagayen gwaji a ƙofar shago ba ya nuna gaskiya. Ba zan yi mamaki ba in wanda kake hawa yanzu ma ya yi maka girma.

Baba Mai Feda: Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ina ta karatu ina jiran wanda zai faɗi wannan. Mu da muka fara da Raleigh da Phoenix, ba shok ba giya, mun san keke ko ya zauna maka ko bai zauna ba. Yaro, ga yadda za ka saita sirdi. Ka tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka sama sosai, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu ka ninka da 0.883. In santimita 82 ne, ka samu 72 da ɗan ɗori. Wannan shi ne daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Daga nan sai ka riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan, milimita biyu uku, ba wai ka ɗaga da yawa rana guda ba. In ƙugunka na rangaji hagu da dama kana takawa, ya yi sama. In gaban gwiwa na ciwo, galibi ya yi ƙasa.

Harsashi: Baba, ai ana iya sa wa L ɗin gajeren wuya ya dawo daidai.

Baba Mai Feda: Ana iyawa, santimita ɗaya ko biyu. Amma babbar rigar wani ko an kai ta wurin tela an rage hannu, kafaɗar tana nan yadda take.

Uwar Tafiya: Sai maganar sirdi, tunda maza ba ku cika son yin ta ba. Mutane na zaton sirdi mai laushi, mai kauri, shi ne hutu. A tafiyar awa shida shi ne azaba, domin ƙasusuwan zama nutsewa suke cikin soso, soson ya taso ya danne inda bai kamata ba. Sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya dace da ƙasusuwanka ake nema. Ka zauna a kan kwali a bisa benci, za ka ga gurbi biyu, ka auna tsakaninsu, ka nemi sirdin da ya fi wannan faɗi da wajen santimita biyu. Wandon keke mai soso kuma shi kaɗai ake sawa a jiki, ba a sa wani a ƙarƙashinsa, ɗinkin ne ke goge fata. Wanda ke jin nauyin fita da shi sai ya ɗora wando mai faɗi a sama, ni ma haka nake yi. Kuma a wanke shi duk fita.

Ɗan Damagaram: Sannunku da muhawara. Mu nan ba mu da duwatsun Jos, rairayi ne da ƙaya, amma akwai abin da ƙasarmu ta koya mana wanda ya shafi kowa: taya. Ɗan Tudu, iska nawa kake ba tayarka?

Ɗan Tudu: Mai faci ke ba ni, har sai ta yi tauri in na matsa ba ta lotsawa.

Ɗan Damagaram: To rabin ciwon ƙugunka daga wurin mai faci yake. Shi ya saba da keken ɗaukar kaya. Taya mai tauri a kan kwalta tana gudu, amma a kan gargada tsalle take, kowane ɗan dutse sai ya ɗaga kai da keken sama, kuma ƙarfin da ya ɗaga ku daga ƙafarka ya fito. Jikinka ne ke shanye girgizar. Taya mai sassauci kuwa lanƙwashewa take ta haɗiye dutsen ta wuce. Za ka ji kamar ba ka gudu saboda babu jijjiga, amma agogo zai gaya maka gaskiya. Masu tsere yanzu faɗin tayarsu inci 2.3 zuwa 2.4, kuma mai nauyinka iskarsa ba ta wuce 20 zuwa 25 a ma'aunin PSI, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Ka sayi famfo mai agogo, ya fi maka wani kabon amfani.

Sai dai ba za ka iya rage iska haka da tiyub a ciki ba, dutse zai matse shi da rim ya huda shi wuri biyu. Dole ka koma tubles, wato taya marar tiyub, a zuba ruwan faci a cikin tayar. Mu nan tsidau da ƙayar aduwa ba sa barin mai tiyub ya yi nisa. Da ruwan facin, sai ka dawo gida ka tarar da ƙaya biyar a taya ba ka ma sani ba. Illarsa ɗaya, zafi na busar da shi, a bazara kada ka wuce wata biyu ba ka duba ba. Kuma duk da haka ka ɗaura tiyub ɗaya a jikin keke saboda ranar da dutse zai yanka gefen tayar.

Makanike: Wannan gaskiya ne. In ƙara da cewa tayar 29 mai kyau ba ta cika zama a kasuwa ba, ta 26 ce ko'ina. In za ka yi oda, yi biyu. Haka ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya, wanda aka yi shi don ya karye a madadin firam in ka faɗi. Kowane keke da irin nasa, ka nemi na ajiya tun kafin ka buƙace shi. Sannan roƙo biyu nake yi wa duk 'yan zauren nan. Birkin kamfanin Shimano man ma'adinai yake sha, kada wani ya zuba muku man birkin mota, robobin ciki kumbura suke birkin ya tashi aiki. Kuma ku daina kai keke wurin wankin mota ana harba masa ruwan inji a boris. Bokiti da soso sun isa. Sarƙa kuma ban da baƙin mai, ƙura yake kwasa ya zama abin wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giya.

Shugaban Zaure: Jama'a, wanda ya turo tallan maganin ƙarfin jiki na goge. Nan zauren keke ne. A ci gaba.

Ɗan Ci-rani: Abu biyu da za a duba a na M ɗin. Na farko, gora nawa firam ɗin ke ɗauka? Wasu masu shok biyu, musamman ƙanana, shok ɗin ya cinye wurin, gora ɗaya kawai ke shiga. A tseren awa shida cikin rana wannan babbar magana ce, sai dai ka goya jakar ruwa, ita kuma nauyi ce a kan ƙugun da ke ciwo. Na biyu, nawa shok ɗin ke nutsewa? Na tseren dogon zango milimita 100 zuwa 120 ne, irin su Specialized Epic, Orbea Oiz, Canyon Lux, Giant Anthem. In ka ga 150 ko 160, wannan na masu dirowa gangara ne, zai wahalar da kai a hawa.

Ɗan Tudu: Na tambaye shi yanzu. Ya ce 120 ne gaba da baya, giya 12 a baya, faranti ɗaya a gaba mai haƙora 34, kayan giyar Shimano ne samfurin Deore. Gora kuma ya ce bai lura ba.

Malamin Lissafi: Deore mai 12 babban farantinsa na baya haƙora 51 ne. Da 34 a gaba, kowane zagayen feda a giya mafi sauƙi zai kai ka kimanin mita ɗaya da rabi. In ka sa 30, ya sauko wajen mita 1.35. A rubuce kamar ba komai, amma a kilomita na 85, ga hawa a gabanka ga cinya na barazanar ɗaurewa, shi ne bambancin wanda ke kan sirdi da wanda ke tura keke da hannu. Ni da 30 ko 32 zan sa.

Harsashi: 30? Haba Malam, a kwalta sai ƙafa ta yi ta juyawa a banza, kowa ya wuce shi.

Malamin Lissafi: 30 a gaba da 10 a baya, a juyi 90 cikin minti, ya haura kilomita 35 a awa. In Ɗan Tudu na riƙe wannan gudun a burji bayan awa biyar, to ba shawararmu yake buƙata ba, mai ɗaukar nauyi yake buƙata.

Makanike: Deore kuwa na yarda da shi, yana da juriya kuma kayansa sun fi na sama da shi araha nesa ba kusa ba. Ban janye maganata kan boris ba, amma tunda na kabon ɗin ba lambarsa ba ne, babu abin da zan kare a can. Ko dai M ɗin nan in ya tsallake gwaji, ko ka haƙura mai kayan ya kawo maka mai shok ɗaya lamba M. Gaggawar me kake?

Ɗan Tudu: Babu gaggawa, Oga, sai dai kuɗi a hannu ba ya zama. Ranar Asabar zan koma da tocila da kwabo da gora biyu in gwada ko za su shiga. Zan roƙe shi ya bar ni in hau shi na awa biyu, in bar masa babur ɗina a matsayin jingina. In na ji ƙwas ɗin nan a baya, nawa ne kimanin canza boris ɗin, don in san abin da zan rage masa?

Makanike: Kada ka yi ciniki kafin ka san lambarsu. Akwai lamba a jikin robar kowane boris, irin su 6802 ko 6902. In na gama-gari ne, masu sayar da boris ɗin inji ma suna da su, abin ba zai yi tsada ba. In na musamman ne, sai oda. Ka ɗauko hotonsu da na sandar shok ɗin, ka turo nan kafin ka ba shi ko sisi.

Harsashi: Yaya, in ka fasa na kabon ɗin ka turo mini lambar mai kayan ta akwatin sirri. Ni 183 nake.

Makanike: Kai ma da tocila za ka je.